Waiwaye Adon Tafiya: Faifan Da Paul McCartney Ya Ɗauka A Apapa A 1973, Da Yadda Kowa Ke Tuna Shi

Tarihinmu na yau bai yi nisa da gida ba, ko da yake masu labarin mutanen Ingila ne.

Duk wanda ya san Apapa ya san ta da tashar jiragen ruwa, da tireloli, da tankokin mai, da cunkoson da kan sa mutum ya wuni a hanya. Kaɗan ne suka san cewa a wani gini da ke kan titin Wharf Road aka ɗauki mafi yawan waƙoƙin ɗaya daga cikin fayafayan kiɗan rok da suka fi shahara a duniya. Sunan faifan Band on the Run, ma'ana ƙungiyar makaɗan da ta ranta a na kare. Mai shi kuwa Paul McCartney ne, tsohon ɗan ƙungiyar Beatles, tare da sabuwar ƙungiyarsa mai suna Wings.

Fiye da shekara 50 ke nan da fitowar faifan. A tsawon wannan lokaci an sake buga shi sau da dama, kuma duk lokacin da aka sake, sai waɗanda suka yi aikin su zauna su ba da labarin makonnin da suka yi a Legas. Wanda ya bi waɗannan labarai a tsanake zai ga cewa kowa da irin Legas ɗin da ya riƙe a ransa, kuma akwai ɓangaren labarin da aka daɗe ba a waiwaye shi ba, wato na mutanen garin da kansu.

ABIN DA YA KAWO SHI LEGAS

Ƙungiyar Beatles ta watse a 1970, kuma ba ta watse da daɗi ba. A ranar ƙarshe ta wannan shekarar McCartney ya kai sauran abokansa uku kotu a Landan yana neman a raba tarayyar kasuwancin da ke tsakaninsu, saboda bai yarda da Allen Klein ba, mutumin da suka ɗora a kan harkokin kuɗinsu. Masoya da yawa suka ɗora masa laifin rushewar ƙungiyar. A 1971 ya kafa Wings tare da matarsa Linda, wadda asali mai ɗaukar hoto ce, da Denny Laine mai jita, da Denny Seiwell mai ganguna. Daga baya Henry McCullough ya shigo.

Fayafayan da ya fitar a waɗannan shekarun sun yi kasuwa, amma marubutan jaridun kiɗa sun yi musu kaca-kaca. Ana yabon John Lennon da George Harrison kan abin da suka fitar bayan rabuwa, shi kuwa ana cewa ya koma waƙoƙin da ba su da nauyi. Mutumin da duniya ta yi shekara goma tana yi wa tafi, yana da shekara 31 kacal, sai ga shi ana tambaya ko ƙarfinsa ya ƙare.

A wannan hali ne ya ga gara ya bar Landan ya yi aiki a wani wuri daban. Ya nemi kamfanin EMI ya ba shi jerin situdiyoyin da yake da su a ƙasashen duniya, ya duba, idonsa ya faɗa kan Legas. Shi da bakinsa ya sha faɗi daga baya cewa abin da ya raya a ransa shi ne rana, da bakin teku, da kiɗan Afirka: su wuni suna shan iska, da dare su shiga situdiyo. Bai tambayi kowa yadda damina take a Legas ba.

Ana wata ga wata. Suna cikin gwaji a gonarsa da ke Sikotilan sai saɓani ya shiga tsakaninsa da McCullough kan yadda za a kaɗa jita, McCullough ya tattara nasa ya nasa ya tafi. Ana gobe za a tashi, Seiwell ma ya bugo waya ya ce ba da shi ba. Ƙungiyar mutum biyar ta koma uku. A ƙarshen watan Agusta na 1973 Paul da Linda da 'ya'yansu mata uku, da Denny Laine, da injiniyan sauti Geoff Emerick wanda ya yi aiki da Beatles, suka sauka a Legas.

LEGAS ƊIN DA SUKA TARAR

A lokacin Legas ce babban birnin ƙasa, Janar Yakubu Gowon yana mulki daga barikin Dodan. Shekara uku da 'yan watanni ke nan da gama yaƙin basasa. A farkon wannan shekarar aka daina kashe fam da sule aka koma naira da kwabo, a watan Janairu kuma garin ya karɓi baƙuncin wasannin ƙasashen Afirka. Kuɗin mai sun fara shigowa, gari yana cika yana batsewa. A ɗaya gefen kuma makaman da suka yi saura daga yaƙi sun haifar da fashi, har gwamnati ta kafa dokar kisa a kan 'yan fashi da makami. A Bar Beach ake harbe su a bainar jama'a, kamar yadda aka yi wa Ishola Oyenusi a watan Satumba na 1971.

Baƙin sun kama gidaje a Ikeja kusa da filin jirgin sama, situdiyo kuwa yana Apapa, tafiyar kusan awa guda kowace rana. Da suka shiga situdiyon sai jikinsu ya yi sanyi. Na'urar ɗaukar sauti guda ɗaya ce, mai layi takwas, alhali a Landan an riga an saba da mai layi goma sha shida. Teburin haɗa sauti yana da matsala. Babu shingayen da ake kafawa tsakanin mai ganga da mai jita don kada sautin wani ya shiga makirufon wani, sai da aka kira kafintoci suka ƙera. Ga masana'antar buga fayafayai manne da ginin, da ƙararta. Ruwan sama kuwa kusan kullum.

Tunda babu mai ganguna, McCartney ya zauna a kansu da kansa. Shi ne ganguna, shi ne jitar bes, shi ne mafi yawan babbar jita. Yadda suke yi shi ne, ya buga ganga Laine yana bin sa da jita, su ɗauki wannan tukuna, sannan a riƙa ɗora sauran kayan kiɗa da muryoyi ɗaya bayan ɗaya. Layi takwas ba ya barin mutum ya yi almubazzaranci. Duk abin da za a sa sai an tabbatar ana buƙatarsa.

DAREN FASHI DA RANAR SUMA

Labarin da McCartney ya fi maimaitawa shi ne na fashi. An gargaɗe su kada su yi yawo da ƙafa da dare, amma wata rana shi da Linda suka taso daga ziyara suka ce bari su taka. Wata mota ta tsaya kusa da su, shi ya ɗauka rage musu hanya ake so a yi, har ya yi godiya. Can sai mutane suka fito, ɗaya riƙe da wuƙa. Suka karɓe kuɗi da kyamara, da wata jaka. A cikin jakar nan akwai kasakasan gwajin sababbin waƙoƙin da takardun da ya rubuta baitocinsu da hannu. Linda ta riƙa ihu tana roƙon kada su taɓa shi, mawaƙi ne kawai.

Ga mawaƙi, wannan asara ta fi ta kuɗi. Dole ya zauna ya tuno waƙoƙin da ka. A hirarrakinsa na baya yakan ce abin da ya cece shi shi ne tun zamanin da suke tare da Lennon ba su da na'urar ɗauka, don haka sun saba da haddace abin da suka ƙirƙira; in waƙa ba ta zauna a kai ba zuwa washegari, to dama ba ta isa a riƙe ta ba.

Bayan wannan kuma, wata rana yana cikin rera waƙa a situdiyo sai numfashinsa ya sarƙe. Aka fito da shi waje ya sha iska, zafin rana ya ƙara dagula lamarin, ya yanke jiki ya faɗi. Linda ta ɗauka ciwon zuciya ne. Likita ya duba ya ce hanyoyin numfashinsa ne suka tsuke saboda yawan shan taba. Da suka koma Ingila a ƙarshen Satumba, sai suka tarar da wasiƙar da EMI ta aiko tun kafin tafiyarsu, tana ba su shawara kada su je saboda ɓarkewar cutar kwalara.

TAMBAYAR DA FELA YA YI

Abin da ya fi komai nauyi a wannan tarihi shi ne haɗuwarsu da Fela. A 1973 Fela Ransome-Kuti da ƙungiyarsa Africa 70, da Tony Allen a kan ganguna, su ne ke tashe a Legas. McCartney ya je gidan rawarsa, Shrine, ya ga wasa. Shekaru da dama bayan haka, har da wata doguwar hira da ya yi a Amurka a 2018, yana faɗin cewa da kiɗan ya tashi sai da ya yi hawaye, kuma yana cikin ƙungiyoyin da suka fi burge shi a rayuwarsa. Ya ce har yanzu yana iya kaɗa zubin kiɗan da ya ji a daren nan.

Fela kuwa bai ɗauki ziyarar a matsayin ta masoyi ba. Ya fito fili ya zargi baƙin da cewa sun zo satar kiɗan baƙar fata ne. Maganar ta bazu, har ta kai ga ya je situdiyon Apapa da kansa. McCartney ya kunna masa abin da suka ɗauka don ya ji da kunnensa. Fela ya saurara, bai ji kiɗan Afirka a ciki ba, ƙura ta lafa. Sai dai tunanin da McCartney ya zo da shi na gayyatar makaɗan gida su sa hannu a faifan ya mutu daga ranar.

A bakin Turawan da ke ba da labarin, sau da yawa ana kawo wannan a matsayin wani abin ban dariya ko rigimar mutum mai zafin kai. Amma Fela yana da dalilinsa. A ƙarshen 1970 James Brown ya zo Najeriya, makaɗansa suka je kallon Fela, kuma Tony Allen ya sha ba da labarin yadda mai tsara wa Brown kiɗa ya zauna kusa da shi yana rubuta yadda yake sarrafa hannu da ƙafa. Tun kafin wannan ma akwai darasin Solomon Linda na Afirka ta Kudu, wanda ya ɗauki waƙarsa Mbube a 1939. Waƙar ta ƙetare teku, aka sauya mata riga a Amurka ta tara dukiya mai yawa, shi kuwa ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006 aka sasanta da iyalansa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tambayar Fela ita ce, in baƙo ya zo da babban kamfani a bayansa ya ɗebi abin da ya ji, wa za a rubuta sunansa a bangon faifai, wa kuma zai karɓi kuɗin?

Abin lura shi ne, faifan da aka ɗauka a tsakiyar Legas ya fito babu ƙamshin Legas a cikinsa. Ɗan Najeriya ɗaya da ya kaɗa wani abu a ciki shi ne Remi Kabaka, a waƙar Bluebird, shi ma a Landan aka ɗora nasa bayan an koma. Ko waƙar Mamunia, da wasu ke ɗauka sunan Afirka ta Yamma ne, daga sunan wani otal na birnin Marrakesh a Maroko aka samo shi.

GINGER BAKER DA NASA LABARIN

Akwai wani Baturen kuma a cikin labarin, wanda shi ya riga su zama ɗan gari. Ginger Baker, mai gangunan ƙungiyar Cream, ya san Fela tun a Landan, sun fitar da faifai tare a 1971, kuma ya ƙetare Sahara da mota ya zo Najeriya. Ya zuba kuɗinsa ya gina situdiyo mai suna ARC a Ikeja, mai layi goma sha shida, wanda ya fi na EMI kayan aiki nesa ba kusa ba. Ya so ƙwarai Wings su yi aikinsu gaba ɗaya a wurinsa, don sunan McCartney kaɗai ya isa ya tallata situdiyon a duniya.

McCartney ya je ne na yini guda. A can aka yi aikin waƙar Picasso's Last Words, Baker yana karkaɗa gwangwani cike da tsakuwa a matsayin kayan kiɗa. Waƙar kanta tana da nata tarihin: a Jamaika ɗan wasan fim Dustin Hoffman ya ƙalubalanci McCartney ya ƙirƙiri waƙa nan take a kan labarin rasuwar mai zane Picasso, wanda ya mutu a watan Afrilu na 1973, shi kuwa ya ɗauki jita ya yi ta a gabansa.

Da Baker ya tsufa yana waiwaye, labarinsa ya sha bamban da na McCartney. A nasa faɗin, shi ne ya shiga tsakani ya kwantar da Fela, kuma bai ga sakayyar da ta dace ba. Situdiyon ARC bai yi tsawon rai ba, Baker ya yi asarar dukiya, kuma ya riƙa ɗora wa EMI wani kaso na laifin. Makonnin da suka zama wa wani matakalar komawa sama, ga wani kuwa tunawa da su ɗaci ne. Baker ya rasu a 2019.

ABIN DA FAIFAN YA ZAMA

A watan Oktoba aka ƙarasa aikin a Landan. Tony Visconti ya rubuta wa makaɗan goge da na ƙaho abin da za su kaɗa, Howie Casey ya busa saksofon, kuma a can aka ɗauki waƙar Jet. Hoton bango ya nuna mutum tara cikin baƙaƙen kaya an haske su da fitila a jikin katanga, kamar fursunonin da aka kama suna shirin tserewa. Bayan Paul da Linda da Laine, akwai 'yan fim Christopher Lee da James Coburn, da ɗan dambe John Conteh, da ɗan jarida Michael Parkinson, da Kenny Lynch, da Clement Freud.

Faifan ya fito a ƙarshen 1973. Da farko ya tafi a hankali, amma da waƙoƙin Jet da Band on the Run suka kama gidajen rediyo, sai ya hau matsayi na ɗaya a Amurka har sau uku a cikin 1974, ya kuma hau na ɗaya a Birtaniya. Ya ci kyautar Grammy biyu, ɗaya ta ƙungiyar, ɗaya ta Emerick a matsayin injiniyan sauti. Wato aikin da aka fara a kan na'ura mai layi takwas a Apapa shi ya ci kyautar ingancin sauti. Marubutan da suka yi ta sukarsa suka dawo yabo, har Lennon, wanda suka yi shekaru suna jifan juna da magana, ya ce faifan ya yi kyau. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

YADDA WAIWAYE KE GYARA LABARI

A 1999 aka fitar da bugun cika shekara 25, da faifai na biyu mai ɗauke da muryoyin waɗanda suka yi aikin suna ba da labari. Linda ba ta ga wannan ba, ta rasu a watan Afrilu na 1998. A wannan bugun ne aka rubuta sunan Visconti yadda ya kamata a matsayin wanda ya tsara kiɗan goge; shekara 25 yana jiran wannan. A 2010 aka sake fitar da shi da hotunan da Linda ta ɗauka, wannan bugun ma ya ci Grammy. A watan Fabrairu na 2024, don cika shekara 50, aka fito da wani zubi na waƙoƙin yadda Emerick ya haɗa su a watan Oktoba na 1973 kafin a ɗora kiɗan goge da sauran ƙawa. Wanda ya saurari wannan zubin shi ya fi kusa da jin abin da ya fito daga ɗakin nan na Wharf Road.

Kowane bugu yana zuwa da sababbin hirarraki, kuma a nan ake ganin yadda tuni yake aiki. Ga McCartney, wahalar ta zama ita ce adon labarin: mutum biyu sun gudu, an yi masa fashi, ya suma, an zarge shi da sata, amma ya fito da faifan da ya fi duk wanda ya yi bayan Beatles karɓuwa. Ya sha faɗin cewa tafiyar mutanen nan biyu ta harzuƙa shi, ya ƙudura sai ya yi abin da za su yi da-na-sanin barinsa. Ko a ƙananan abubuwa ma labarinsa yakan motsa: a da yana cewa sunan Jet na wani ɗan kwikwiyonsu ne, daga baya ya ce na wani ɗan doki ne.

Seiwell, wanda ya ƙi shiga jirgi, nasa tunin daban ne. Ya yi bayanin cewa albashin da ake ba su kaɗan ne, ba kuma wata rubutacciyar yarjejeniya, ga ɓacin ran tafiyar McCullough. Ya ce gwajin da suka yi su biyar a Sikotilan ya fi armashi a kunnensa. Duk da haka ya yarda cewa yadda ya tafi yana cikin abubuwan da ya yi nadamarsu, kuma daga baya sun shirya da McCartney. Emerick ya rubuta nasa a littafinsa na 2006, inda zafi da ƙwari da kayan aiki marasa kyau suka fi yawa. Laine kuwa yakan tuna da shi a matsayin lokacin da su biyu suka fi fahimtar juna a kiɗa. Ya rasu ranar 5 ga Disamba, 2023, daidai shekara 50 da fitowar faifan a Amurka.

Babu wanda za a ce ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa ya riƙe abin da ya taɓa shi. Sai dai wanda ya fi suna, ya fi tsawon rai, kuma kasakasan asali suna hannunsa, labarinsa ne yake zama tarihi.

ƁANGAREN DA AKA MANTA

A mafi yawan waɗannan hirarraki Legas tana fitowa ne a matsayin wurin wahala: ruwa, sauro, sojoji, 'yan fashi, situdiyo mara kayan aiki. Amma wannan situdiyon da baƙi suka raina, a daidai wannan lokacin shi ne cibiyar kiɗan rok na Najeriya. Odion Iruoje, mai shirya fayafayai a EMI, yana ɗaukar matasa masu jitar lantarki ɗaya bayan ɗaya. A 1973 ne 'yan makarantar St Gregory's ta Obalende, masu kiran kansu Ofege, suka fitar da faifansu Try and Love wanda ya yi kasuwa sosai. A shekarar ce ƙungiyar BLO, ta Berkely Jones da Laolu Akins da Mike Odumosu, ta fitar da Chapter One. Ga Monomono ta Joni Haastrup. A Gabas, inda matasa suka fito daga yaƙi suka rungumi jita, akwai Funkees, har ma da wata ƙungiya a Aba da ita ma sunanta Wings, ƙarƙashin Spud Nathan.

Waɗannan makaɗa ba su samu bugun cika shekara 25 ba, ba a zaunar da su a gaban kyamara duk bayan shekara goma ba. Da yayin rok ya wuce a ƙarshen shekarun 1970, fayafayansu suka ɓace daga kasuwa. Kamfanin EMI na Najeriya ya sauya hannu ya koma Ivory Music. Fela da kansa ya yi asarar kayan aiki da ajiyar sauti lokacin da sojoji suka ƙona gidansa na Kalakuta a watan Fabrairu na 1977, ya kuma rasu a 1997 ba tare da an zauna an ɗauki nasa ɓangaren wannan labari dalla-dalla kamar yadda aka ɗauki na baƙinsa ba.

Sai a shekarun baya-bayan nan aka fara tono wannan tarihi. Kamfanin Soundway na Birtaniya ya fitar da tarin Nigeria Rock Special a 2008, kamfanin Now-Again na Amurka kuma ya fitar da Wake Up You! a 2016, tare da dogon bayanin da marubuci Uchenna Ikonne ya yi bayan ya bi sawun makaɗan da suka rage. Sau da yawa daga tsofaffin fayafayan da aka tsinto a kasuwanni da ɗakunan ajiya aka kwafi sautin. A nan tambayar Fela ta dawo ta wata ƙofa. Ya ji tsoron kada a ɗauke kiɗan a kai waje. Abin da ya faru shi ne kiɗan ya zauna a gida, gida ya kasa adana shi, sai da na waje suka zo nema.

McCartney ya rasa jaka guda ta kasakasai a titin Legas, kuma duniya ta shekara 50 tana jin labarin jakar nan. Nawa ne irinta suka lalace a ɗakunan ajiyar kamfanoni da gidajen rediyonmu, ruwa ya ci, gara ta ci, ko aka goge aka ɗora wani abu a kai, ba wanda ya ba da labarinsu?

Har yanzu akwai dattawa a Agege da Idi-Araba da Obalende da Apapa da suka yi ƙuruciyarsu a Legas ɗin 1973, suka sayi fayafayan nan sababbi, wasu ma suka ga makaɗan da idonsu. Akwai gidajen da garmaho da fayafayansa ke cikin akwati a ƙarƙashin gado, da kasakasan mawaƙan gida na kowane yare. Wanda yake da irin wannan dattijo a kusa, ya zauna da shi ya kunna wayarsa ya ɗauki hirar. Wanda yake da faifan, ya raba shi da zafi da laima, ya nemi wanda zai kwafe masa shi a kwamfuta, ya rubuta sunan mawaƙin da shekarar a jiki.